Gonar da wasan taubashi ya kai kotu

Shekarun baya, lokacin da mutum ke tashi daga Karare zuwa Runka a kan babur ba ya waige, bakin mahaifina ya kusa cinye mana gona.

Yana da taubashi a Runka, ɗan ƙanwar babansa. Kowa na kiran kowa bawansa, in suka haɗu sai an raba. Wata ranar kasuwar Batsari taubashin ya yaba gonarmu ta fadama, mahaifina ya ce, "Na ba ka, bawa, ka daina yawon roƙon hatsi." Aka yi dariya aka watse.

Ashe ɗan taubashin ya riƙe maganar. Da tsohon nasa ya kwanta ciwo, sai ɗan ya kai ƙara da shaidu, kuma ba ƙarya suka yi ba, sun ji da kunnensu. Alƙali ya ce kyauta ta tabbata. Ni da nake ganin na waye na miƙe zan yi bayani, aka ce in zauna, na zauna har da godiya.

Muka ɗaukaka ƙara, kotun sama ta ce a sake shari'ar tun daga farko. A watannin nan mahaifina ya je duba taubashinsa, suka gaisa cikin ladabi kamar surukai. Wallahi wannan gaisuwar ta fi hukuncin yi mini ciwo.

Ranar sake zama aka kawo tsohon a akori-kura, yana dogara sanda. Sabon alƙalin ya tambaye shi ko an ba shi gona.

"Allah shi gafarta Malam, ya ba ni," in ji shi. "Amma in maganar taubashi hujja ce, tun muna yara nike ce mashi bawa yana amsawa. A haɗa mani da shi, in tafi da kayana."

Har ɗan sandan kotu sai da ya dara. Mahaifina ya ce, "Ka ji ɗan banza," yana share ido da hularsa. Aka bar mana gonarmu.

Tsofaffin biyu duk sun rasu yanzu, Allah ya jiƙansu. Gonar ma mun daina zuwa tun da daji ya ɓaci. Ɗan taubashin nan kuwa muna haɗuwa a Batsari, mu gaisa lafiya lau, amma har yau babu wanda ya taɓa tsokanar wani a cikinmu.