Yatsa Huɗu na Yashi

Dogo ya shekara ashirin da bakwai yana juya ƙarfen ƙofar madatsar ruwa. Ɗan masunta ne, amma tun yana saurayi ya rataye taru ya karɓi wannan aiki. Ba ya son yawan magana. Matarsa takan ce ya fi gane fushin kogi a kan nata.

Akwai wani kifi mai dogon baki da ke hawowa sau ɗaya a shekara don ya yi ƙwai a can sama. Ya kusa ƙarewa, har an hana kama shi. A gefen madatsar an gina masa hanya kamar matakala, sai dai ba ya iya shiga sai ruwan bakinta ya kai gwiwa.

Ran nan da hantsi Dogo ya tarar da kifayen sun cunkushe a bakin hanyar, bayansu a waje, rana na dukansu. Ya naɗe wando ya shiga, yadda mahaifinsa ya koya masa awon ruwa. Ƙafarsa ta sauka a kan yashi maimakon siminti, ruwan kuma bai kai gwiwa ba.

Ya hau ofis da jiƙaƙƙen wando. Sabon injiniyan yana bakin taga.

“Ranka ya daɗe, a ƙara ruwa. Kifin ya maƙale.”

“Baba, daga nan ina hango ma'aunin bango. Ya nuna daidai.”

“Bangon bai san yashi ya cika ƙasan ba. Yatsa huɗu ne ya rage ruwan ya kai gwiwa.”

“An ce kada a saki ko ɗigo, na manoma ne. In ka taɓa ƙarfen nan ba izini, ni da kai za mu bar aiki.”

“Kafin azahar duk za su juya ciki sama. Ba mu da wasu.”

Injiniya ya kira babban ofis sau uku, ba a ɗauka ba. Dogo na tsaye, ruwa na ɗiga daga wandonsa.

“Wato gwiwarka ta fi ma'aunina ilimi?”

“Zo ka gwada da taka. Ai ta fi tawa kusa da ƙasa.”

Injiniya bai yi dariya ba, amma ya cire takalmi ya bi shi. Da ya ji yashi a tafin ƙafarsa, wani kifi ya goge masa ƙauri, sai ya juyo wajen Dogo.

“Juyi uku, Baba. Awa biyu kawai. Ni zan sa hannu.”

Dogo ya kama ƙarfen da hannu biyu. Ruwan ya ɗauki lokaci kafin ya iso. Kifi na farko ya buga jela ya shige, sauran suka bi a hankali. Guda biyu ba su motsa ba, ruwa ya tafi da su.

A sama, wayar ofis ta fara ƙara. Injiniya ya ɗauki takalmansa a hannu ya nufi matakala.