Zaman Lahadi a Bayan Shagon Tela

A Abijan na koyi shan giya, kuma a can na fara ganin mutanen da ke taruwa don su bar ta. Wani ɗaki ne a bayan coci, da kujerun roba. Mutum ya tashi ya faɗi abin da kwalba ta yi masa, sauran su saurara, ba mai yi wa wani wa'azi. Wata bakwai na yi ina zuwa ban sha ba. Sai mahaifina ya rasu a ƙauyenmu na yankin Afala, na tattara na dawo gida.

Zaman ƙauye ya gagare ni. Na kama haya a Tawa ina gyaran moto, wato babur, kusa da tasha, kuma kafin damina ta fita na koma gidan jiya. Matata ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ranar da ta kwashe ɗiyanmu biyu za ta tafi gidansu, a bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Maigida, ka biɗi magani. Na gaji da ce wa maƙwabta masassara kake."

Sai na shiga neman irin wancan ɗaki a Tawa. Na fara da majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin unguwarmu. Ya ja fatar idona ya duba, ya latsa cikina, ya rubuta mini ƙwayoyi. Da na tambaye shi ko akwai inda masu son bari suke haɗuwa, ya ajiye biro.

"A garin nan? Wa zai zauna gaban jama'a ya ce yana sha? Gobe ba mai ba ɗansa mata."

Na je wurin malamin unguwa. Mutumin kirki ne, bai kore ni ba. Ya ba ni rubutu na kwana bakwai, ya ce in riƙe sallar asuba cikin jam'i. Na sha, na riƙe. Amma ba zan iya gaya masa yadda hannuna ke rawa da hantsi har sukuru ya kuɓuce mini ba, ko yadda ƙafata ke sanin hanyar gidan giya ko ban aike ta ba.

Bayan kusan wata biyu majon ya kawo motonsa gyara. Yana tsaye a kaina ya ce a hankali, "Akwai wani tsohon tela ɗan Damagaram a bayan kasuwa. Ka je ran Lahadi bayan la'asar. Kada ka ce ni na turo ka."

Sau uku na wuce ta gaban shagon kafin in shiga. Tsohon ya dube ni ta saman madubin idonsa, ƙafarsa na kan keke.

"Ɗinki ka kawo?"

"A'a, Baba."

"To, shiga ciki. Shayi ya kusa."

A bayan shagon akwai tabarma da ƴar rumfa. Mutum biyu na tarar. Ɗaya tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, da aka sallama daga aiki, ɗaya dillalin awaki daga Barmu da ke shigowa ranar kasuwa. Ba mai littafi, ba shugaba. Baba tela, wanda ya shekara goma sha tara bai sha ba, yakan tambayi kowa labarin makonsa, "Yaya bakwan nan?" Dillalin ne ya fara. Ya ce ran Laraba ya sha, kuma ɗiyarsa ta gan shi kwance a bakin rijiya. Baba ya miƙa masa kofin farko.

Da aka zo kaina, na yi magana har shayi na uku ya huce.

Mun yi shekara guda da ƴan watanni haka. Na faɗi sau biyu, na dawo, ba a rufe mini ƙofa ba. Matata ta yarda yara su riƙa zuwa mini ran Juma'a, amma ita ba ta dawo ba.

Mushe ne ya fara tafiya. Ya bari, amma hantarsa ta riga ta ƙare. Cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa. A wurin jana'iza ƴan'uwansa suka ce sammu ne, mu kuma muka tsaya nesa da juna kamar ba mu san juna ba. Da rani idon Baba ya mutu, ɗansa ya zo ya kai shi Damagaram. Wanda ya karɓi shagon ya cika rumfar da buhunan gawayi.

Saura ni da dillali. Muna haɗuwa a gindin wata bishiyar bedi a bayan kasuwar dabbobi, a tsaye, don ba mu da wurin zama da ba za a tambaye mu ba. Lahadi uku ke nan bai zo ba. Na tambayi mutanen Barmu, suka ce yana nan lafiya, ya dai daina shigowa gari. Na san abin da wannan ke nufi. Ina son in hau moto in je, amma ban san me zan ce wa iyalinsa ya kawo ni ba.