Tela da Turmin 'Yarta

Telar da ke gaban gidana, tun da na san ta ban taɓa ganin dariyarta tsirara ba. Kullum da tafin hannu a baki, kamar mai satar nama. Haƙoranta ne suka hau kan juna, saboda turamenta, wato haƙoran tauna, sun ruɓe tun tana ƙarama aka cire, sauran kuma suka yi ta kutsawa cikin filin da ba nasu ba. Da na dindindin suka zo fitowa, sai suka tarar an riga su wuri.

Mace ce marar hayaniya. Ka kawo ɗinki, ka zage ta, ta ce sannu da zuwa. Amma ranar da aka cire wa 'yar autarta turmi tun ba ta shiga makaranta ba, sai muka ga wata matar daban.

Likitan haƙori ya sa wa yarinyar wani ɗan ƙarfe mai kama da zobe, ya tsare gurbin har sabon ya fito. Suna dawowa, kakar yarinyar, uwar miji, ta leƙa bakin ta saki salati.

"Linzami kika sa wa jikata? Jaka ce? Haƙorin nono fa, wani zai fito!"

Kakar nan kuwa ita ce gwanar cusa wa yarinya alawa duk lokacin da ta yi kuka, har barci ya ɗauke ta da ita a kumatu.

Na ce wa kakar, "Ƙawata, ni da ke in aka haɗa haƙoranmu ba za su fasa gyaɗa ɗaya ba. Wa ya naɗa mu alƙalan baki?"

Ta harare ni. Washegari tela ta shigo ɗaki ta samu kakar da tsinken sakace, tana ƙoƙarin ɓamɓaro ƙarfen, yarinya na hawaye.

Tela ta ɗauke 'yarta, ta durƙusa yadda ta saba, sannan ta wangale baki gaban surukarta.

"Ku duba, Inna. Ku duba da kyau. Ni ma haka aka ce, wani zai fito. Ga shi ya fito."

Mijin ya shigo yana cewa a yi haƙuri, a cire abin a zauna lafiya.

"Tufana za ka iya cewa in cire," in ji ta, "wannan kam yana nan."

Tun daga ranar ta shimfiɗa wa yarinyar tabarma a gindin keken ɗinki. Kaka in tana son jika, ta zo shago hannu wofi. Kakar ta yi fushi, ta daina amsa gaisuwarta. Tela ba ta fasa gaishe ta kowace safiya ba, kuma kowace safiya sai ta ce wa 'yar, "Buɗe in gani." Ƙarfen na nan daram.