Rumfa a Gindin Tsamiya

Shekara biyu na yi ina aiki a lambun shaƙatawa na gwamnatin jiha, a gefen titin da ya taso daga Sabon Gari zuwa Samaru. Teburina shi ne na talla da shirya taruka. Ni ke rubuta sanarwa, ni ke ɗaukar hoto, ni ke faɗin inda za a kafa rumfa. Lambun ba shi da wani abin a zo a gani, lilo huɗu ne, biyu a karye. Amma yana da tsohuwar tsamiya mai faɗin kai, kuma duk shekara gab da ruwan farko shamuwa kan sauka a kanta su yi sheƙa. Nakan ci abincin rana ina kallonsu har in manta da ofis.

Da su na yi talla. Na bi makarantun firamare na Jushi da Zabi ina roƙon a kawo yara su ga shamuwa na ciyar da 'ya'yanta. Hedimastoci suka yi mini kallon marar aikin yi. Wata malamar aji huɗu ce kaɗai ta ce za ta kawo nata ranar Litinin.

Sai ga takarda daga Kaduna, wai ranar Asabar babban baƙo zai zo bikin dashen itatuwa. Manaja ya ce in zana tsarin wuri. Nan na yi wautar da har yau take ci mini rai: na sa rumfar manya a gindin tsamiya, don ta fi kyau a hoto.

A lambunmu, in babba zai zo, akan shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa, a kawar da duk abin da ake zaton zai ɓata masa rai. Ranar Alhamis manaja ya zo duba wuri, ya ga ƙasa fari fat da kashin tsuntsu, ya ɗaga kai. Ya ce a zubar da sheƙun nan kafin gobe da azahar. Na ce a matsar da rumfar taku goma kawai. Ya ce tsari ya riga ya tafi Kaduna, an sa hannu, masu tsaro sun gani.

“Ke kika zana, Malama. Ko ba ke ba ce?”

Ya kira Baba mai ban ruwa, wani dattijo daga kudancin Kaduna, ya ce ya nemo gora. Baba ya ajiye tiyonsa.

“Yallaɓai, a garinku da namu duka ba a taɓa shamuwa. Baƙuwa ce. In sallama ce, a sallame ni.”

Ni mai digiri ban iya faɗin ko rabin wannan ba. Na tsaya rungume da fayil ina cewa don Allah. Manaja bai kula mu ba, ya aika tasha aka samo masa ƙarti biyu.

Da hantsin Juma'a suka yi aikin. Ƙirare na zuba, iyayen na kewaya sama suna saukowa suna komawa. 'Ya'yan ba su gama gashi ba. Wasu sun mutu da faɗowarsu, sauran ni da Baba muka tara a kwali muka kai bayan ɗakin janareta. Na jiƙa burodi na kai bakinsu, ko ɗaya bai karɓa ba.

Ranar Asabar baƙon ya iso bayan azahar, bai yi rabin sa'a ba. Rumfar nan kuwa da rufin tamfol mai kauri, ko ruwan sama bai ratsa shi, balle kashin tsuntsu. Ba wanda ya tuna da haka, har ni. Baƙon ya dasa ɗan dogonyaro da ledarsa ba a cire ba, aka tafa, ni na ɗauki hoton. Hoton kuwa ya yi kyau.

Kunya ta hana ni kiran malamar. Litinin da safe sai ga bas ta sauke yara, kowa da littafi da fensir, an ce su zana abin da suka gani. Manaja ya leƙo ta taga ya ce in gaya musu tsuntsayen sun yi ƙaura, ai yara ne.

Na kai su gindin tsamiya. Na ce ba ƙaura suka yi ba, mu muka zubar da gidajensu don baƙo zai zauna, kuma ni na zaɓi wurin. Wata yarinya ta tambaya ko baƙon ya sani. Na ce ban sani ba.

Malamar ta daɗe tana duban rassan. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce wa yaran su rufe littafi su koma mota. A bakin ƙofa ta juyo.

“Ƙanwata, kada ki sake zuwa makarantarmu da takardar talla.”

Ban sake ba, ko tasu ko wata.