Anzar da Inna ta jiƙa a ɗaka

Duk wanda ya ce anza itace ce mai kyau bai taɓa dogara da ita ba. Gajera ce, da ƙyar take wuce tsayin mutum, ganyenta kauri kamar fata, ko akuya sai ta rasa abin yi take taɓa shi. Rani ba ya kaɗe shi. Da sanyi take fure, ƙanana masu ɗan kore-kore, sai ƙamshi. ’Ya’yan sukan fito cunkus, su yi rawaya gab da damina, daidai lokacin da rumbu ya ƙare. Ƙwayar da ke ciki ita ce abincin, amma ɗacinta dafi ne, sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa.

Shekarar da geronmu ya ƙone tun bai yi kai ba, ina da shekara goma sha ɗaya. Matan ƙauyuka sukan kawo tasu anzar a buhu, su nutsa ta a bakin tabkin Madarumfa. Baba ya rantse ba za a ga matarsa cikinsu ba. Mutum ne mai faɗin rai, kuma katangarmu ɗaya da wani Alhaji mai motocin Jibiya.

"A jiƙa ta a ɗaka," in ji shi. "Kar kowa shi ji, kar kowa shi gani."

Inna ’yar birni ce, ba ta taɓa sarrafa anza ba, ga shi an hana ta tambaya. Ta zuba a tukunya bayan gado. Ruwan rijiya da nisa, sau biyu kacal ta sauya shi. A kwana na uku ƙanwata, ’yar shekara huɗu, ta yi kukan yunwa har muryarta ta dushe, sai Inna ta dafa. Mu manya muka yatsine fuska muka haɗiye kaɗan. Ƙanwata kuwa ta cinye nata, ta miƙo kwano a ƙara.

Kafin la’asar amai da zawo sun kama ta. Baba ya ce a jira, don in an je likita za a tambayi abin da ta ci. Washegari aka ɗora ta a amalanken jaki, ba ta kai ba. Har yau ban gama yafe masa wannan jiran ba, ko da yake shi ma ƙasa ta rufe shi.

Matar Alhaji ta shigo gaisuwa, ta zauna a bakin gado. Wari ya kai ta ga tukunyar. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna, ta tofar.

"Kwana nawa ta yi a ruwa?"

Inna ta ɗaga yatsu uku.

Hajiya ta kama hannunta, hawaye na zuba. "Haba ’yar uwa, mi ya hana ki leƙo ta katanga? Bakwai akan yi mata. Mu ma ita muka ci tun watan jiya."