Kazata da Ƙwaron Baba

Duk wanda ya taɓa raka Baba masallaci ya san ba ya wuce dutse bai ɗaga ya leƙa ƙarƙashinsa ba. Ranar da aka kawo ni gidan nan na Ƙofar Gayan a matsayin matar ɗansa, kafin ya amsa gaisuwata sai da ya juya dutsen da aka tokare ƙofa da shi. Aikinsa ke nan a jami'a har ya yi ritaya: a kama ƙwari, a soke su da allura, a jera.

'Yata Ummi tana jaririya, na je ɗiban ruwa a randa, sai na hango wasu abubuwa masu jela biyu suna rarrafe a kan tsakuwa can ƙasa. Na yar da moɗa na ce shi ke nan, na sha cuta na shayar da yarinya. Sai ga Baba da sauri.

"Kar ki zubar, baƙina ne. Daga rafin bayan Kufena na kawo su."

"Baba, a ruwan shanmu?"

"Ƙudan dutse ne, 'yar nan. Ba ya zama a ruwa mai datti. Ya fi ki ƙyama."

Ya ce ya duba littattafansa kaf babu irinsa, kuma burinsa kafin ya mutu a shaida sabo ne, a raɗa masa suna. Randa ta zama tasa, mu muka koma tulu. Ya kuma hana kunna maganin sauro a gidan, kar ya kashe masa baƙi. Na yi ta kuka, na ce zazzaɓi zai kama min Ummi. To kun san Baba, mutumin da ke tsaga ƙwayar ashana biyu ba zai sayi gidan sauro ba. Sai ya kwance nasa ya ba ni. Kullum ya tashi fuska duk cizo, yana cewa, "Sauro an riga an yi masa suna, ba ruwana da shi."

Matsalar ita ce sai sun yi fiffike ake tantance su, kuma wai sai an duba ƙarshen jelar namiji a madubin ƙara girma. Duk wanda ya fito daga randar, Baba ya gyara tabarau ya ce, "Mace ce." Hajiya surukata ta gaji ta ce, "Malam, har a cikin ƙwari ma ba a karɓar shaidar mace ita kaɗai?"

Wata safiya namijin ya fito, ya hau bakin randa yana shanya fiffike. Baba ya lallaɓa ɗaki ɗauko kwalba. Ni kuma ina goye da Ummi, ina kallo farar kazata ta miƙa wuya ta haɗiye shi.

Ban taɓa ganin tsoho ya yi gudu irin na ranar ba. Mutumin da baƙo zai zo daga Kano ya ba shi tuwon jiya, shi ne yake ihu, "A kamo ta, a miƙo wuƙa!" Ya yi bismillah ya yanka, ya farke cikin a hankali kamar likita. Sai ga ƙwaron: kai ya tafi, fiffike ya yamutse, amma jela tana nan.

"Alhamdulillahi, wurin da ake buƙata bai taɓu ba."

"Baba, kazata fa?"

"Ta yi wa ilimi hidima. Ki ajiye min ƙundu."

Ya kai kwalbar wa wani Dakta, tsohon yaronsa a jami'a. Daga nan duk wanda ya yi sallama, ko mai gyaran takalmi ne, sai ya ce, "Daga jami'a?" Har a gadon asibiti tambayarsa ke nan. Amsa ba ta same shi da rai ba.

Muna zaman makoki Dakta ya zo. Bayan ta'aziyya ya aiko a faɗa wa mata cewa an tabbatar, ƙwaron sabo ne a duniya, kuma Baba ya riga ya zaɓi suna tun ranar da ya kai kwalbar: sunan Ummi.

Na ce, "Hajiya, wa zai auri yarinyar da takwaranta ƙwaro ne?"

Hajiya ta yi dariya har hawaye ya zubo, daga nan dariyar ta koma kuka, muka taya ta.

Allah, bawanka ya ƙare rayuwarsa yana neman sanin ƙananan halittunka. Ka gafarta masa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka raya mana Ummi.