Sandar Malam a filin awo

Jiya tirela ta wuce, ƙasa ta motsa ƙarƙashin tabarmata, sai na tuna malamina na aikin awon ƙasa. Shi ya koya mini cewa girgizar da ke bin saman ƙasa ba ta zubarwa ba ce, da ita ake daidaita hoton duwatsun da ke can ƙarƙashi.

Da ya tsufa, muna aiki a Challawa, hannunsa na rawa, bugun sandarsa ya riƙa shiga na'urar da ke ɗaukar girgizar ƙasa yana ɓata awon. A gaban leburori na ce, "Malam, ku ɗan matsa."

"Gaskiyarka, ɗana," in ji shi. Ya koma inuwa. Bai ƙara zuwa fili ba.

Har yau kunya nake ji. Allah Ya yalwata masa makwanci.